An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Tsaron Filayen Jirgin Sama da Darasin Arlit

Duk lokacin da aka kai wani hari a ƙasashen Sahel, akwai magana guda da ke riga kowace fitowa daga bakin manya da ƙanana, ita ce a ƙara dakaru. Tun da mahara suka afka wa filin jirgin saman Bamako ranar 17 ga Satumba 2024, sannan aka kai hari sansanin soja na 101 da ke jikin filin jirgin Diori Hamani na Yamai a ƙarshen Janairu 2026, wannan magana ta koma kan filayen jirgin sama. Masu ita suna cewa a cika filayen da sojoji da jandarmomi da ƴan gardi tun daga bakin ƙofa har gindin jirgi, kuma a danƙa musu komai, har da binciken jakar matafiyi da laluben jikinsa. A ganinsu, duk inda kaki ya yi yawa mugu ba ya samun ƙofa.

Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma kuskure mai tsada. Babu waɗanda suka fi mutanen Arlit da Akokan cancantar faɗin haka, domin sun shafe kusan rabin ƙarni a garuruwan da aka kewaye da masu gadi saboda yuraniyom, kuma sun ga abin da bindiga ke iya tsarewa da abin da ya fi ƙarfinta. Faɗin haka ba raini ba ne ga askarawan da ke kwana a dajin Tillaberi da Diffa suna ba da rayukansu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Hasali ma, wanda ke girmama soja shi ne wanda ba ya so a ɗora masa aikin da ba a horar da shi a kansa ba, ranar da abin ya ɓaci kuma a ɗora masa laifin.

Aiki uku a wuri ɗaya

Abin da masu kiran a ƙara dakaru suka kasa rarrabewa shi ne, kalmar tsaro a filin jirgi ta ƙunshi ayyuka uku mabambanta. Na farko shi ne gadin harabar filin, wato shinge da titin saukar jirgi da rumbun mai da hasumiyar da ake yi wa matuƙa jagora daga cikinta. Wannan aikin mai bindiga ne, babu jayayya a kansa, domin wanda ya zo da mota cike da nakiya ba za a tare shi da takarda ba. Na biyu shi ne aikin iyaka, wato duba fasfo da biza, wanda a Nijar yake hannun ƴan sandan DST, da duba hajar da ke shiga ko fita, wanda yake hannun ma'aikatan duwan. Na uku shi ne tantance matafiyi da kayansa kafin ya hau jirgi, da tantance duk ma'aikacin da ke kusantar jirgin, daga mai ɗora kaya har mai shara da mai kawo abinci.

Wannan na ukun sana'a ce mai zaman kanta, tana da dokokinta da makarantunta. Hukumar kula da jiragen farar hula ta duniya, OACI, wadda yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta haifar, ta fitar da ƙari na 17 ga yarjejeniyar a 1974 domin wannan batu kaɗai. Ƙarin ya wajabta wa kowace ƙasa ta kasance da hukuma guda da ke da alhakin tsaron jiragen farar hula, kuma masu tantance kaya su zama horarru masu takardar shaidar ƙwarewa, ana kuma jarraba aikinsu a kai a kai. A Nijar wannan hukuma ita ce ANAC.

Dalilin wannan tsanantawa a fili yake ga duk wanda ya taɓa leƙa aikin. Ma'aikacin da ke zaune gaban na'urar haska kaya ƴan daƙiƙu kawai yake da su a kan kowace jaka, kuma a cikinsu ne zai gane ko wayar da yake gani tare da batir ta rediyo ce ko ta nakiya, a jakar da aka cusa wa atamfa da kilishi da kwalaben turare. Ido yana gajiya da wannan kallo, shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta tsara kada ma'aikaci ya wuce minti 20 a jere yana duban hotunan. A filaye da dama na'urar kanta takan saka hoton makami na ƙarya a cikin jakar da babu komai, domin a gane ko ma'aikacin a farke yake. Ƙwarewa irin wannan ba ta samuwa sai da shekaru a kujera ɗaya. Shi kuwa soja an horar da shi ne ya hango abokin gaba ya tare shi da wuta, kuma tsarin aikinsa ya ginu a kan sauyin wuri: bana yana Agadas, baɗi yana Ngigmi. Duk abin da idonsa ya koya a gaban na'ura zai tafi da shi ranar da aka sauya masa bariki, a kawo sabo ya fara daga farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwatin Tenere

Hamadar Nijar tana ɗauke da shaidar da ta isa ta rufe wannan gardama. Ranar 19 ga Satumba 1989, jirgin kamfanin UTA mai lamba 772, wanda ya taso daga Barazabil ya yada zango a Njamena a kan hanyarsa ta zuwa Paris, ya tarwatse a sararin Tenere. Mutum 170 da ke cikinsa babu wanda ya tsira. Bincike ya nuna cewa nakiyar tana cikin wani akwati da aka ɗora a Barazabil, kuma a 1999 wata kotu a Paris ta yanke wa ƴan Libiya shida hukunci a bayan idonsu. A 2007 iyalan mamatan suka jera baƙaƙen duwatsu a wurin, suka fitar da siffar jirgin a kan rairayi, har ana hangen ta a hotunan tauraron ɗan'adam.

Tambayar da ya kamata kowane mai kiran a ƙara dakaru ya amsa ita ce: bataliya nawa ce za ta hana wannan akwati shiga jirgi? Ko da an jera soja dubu a bakin titin jirgin Barazabil, akwatin zai wuce ta gabansu a kan keken kaya kamar kowane akwati, domin babu abin da ya bambanta shi da sauran a ido. Abin da zai tare shi shi ne na'ura mai aiki, da ma'aikaci mai horo, da ƙa'idar da ke cewa kada akwati ya tashi in mai shi ba ya cikin jirgin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar bindiga.

Abin da Arlit ta gani

An kafa Arlit a 1969 saboda kamfanin SOMAÏR, wanda ya fara fitar da yuraniyom a 1971. Akokan kuwa an gina ta ne domin ma'aikatan COMINAK, wanda aka kafa a 1974 ya fara haƙa a ramin Akouta a 1978. Tun bayan tawayen shekarun 1990 da na 2007, yankin bai rabu da sojoji ba. Amma a daren 16 ga Satumba 2010, mayaƙan AQMI suka shiga Arlit suka ɗauke mutum bakwai daga gidajensu, Faransawa biyar da ɗan Togo ɗaya da ɗan Madagaska ɗaya, masu aiki da Areva da kamfanin gine-gine na Satom. A lokacin akwai ɗaruruwan sojoji da jandarmomi a yankin. Daga baya jaridun Faransa suka bayyana cewa kantoman Arlit ya rubuta wasiƙar gargaɗi makonni biyu kafin aukuwar abin. Bayan haka sai kamfanin da gwamnati suka shiga nuna wa juna yatsa a kan wanda ke da alhakin gadin gidajen. Dakaru suna nan, labari ya iso a kan lokaci, abin da ya ɓata shi ne mutum guda da za a ce nauyin yana wuyansa.

Sai aka yi abin da aka saba, aka ƙara dakaru. A farkon 2013 shugaba Mahamadou Issoufou da kansa ya tabbatar da cewa sojojin Faransa na musamman suna gadin ma'adinan Arlit. Ba a cika wata huɗu ba, ranar 23 ga Mayu 2013, aka kai hari biyu a safiya ɗaya, ɗaya a barikin soja na Agadas inda sojoji kimanin 20 suka kwanta dama, ɗaya a masana'antar SOMAÏR inda ma'aikaci ɗaya ya rasu, fiye da 10 suka jikkata, aiki ya tsaya. Kafofin labarai sun ruwaito a lokacin cewa maharin na Arlit ya zo ne sanye da kayan soja, ya saje da ma'aikata masu shiga aiki. Wannan batu ya isa a tsaya a kansa. A wurin da kaki ya zama katin shiga, kaki shi ne abu na farko da mugu zai nema, kuma ɗinka shi ba ya fi ƙarfin kowane tela. Gwargwadon yawan rundunonin da ke kai da kawo a wuri ɗaya, kowace da shugabanta da motocinta, gwargwadon wahalar da mai gadin ƙofa zai sha kafin ya iya tsayar da mai kaki ya ce masa ina takardarka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a filin jirgi tsagar ita ce ƙofar da ake wucewa ba tare da bincike ba.

Akwai darasi na biyu da ya fi wannan ɗaci. Ranar 29 ga Oktoba 2013 aka sako Faransawa huɗu na ƙarshe daga cikin waɗanda aka sace a Arlit, duniya ta ɗauka da murna. A cikin makon nan aka tattara gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawansu daga yankin Kance na jahar Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Duk tarin masu gadin da ke yankin babu wanda aka ɗora wa duba wannan hanya, domin an jibge su ne inda dukiya take. Dakarun ƙasa suna da iyaka. Duk sojan da aka zaunar yana buɗe jakar alhaji a Yamai, an rage shi ne daga hanyar Asamaka ko ta Dirku ko ta Tawa zuwa Arlit, inda talakan da bai taɓa hawa jirgi ba yake bi kowace rana.

Bariki a jikin tasha

Idan aka duba hare-haren da suka tayar da wannan kira, za a ga cewa su kansu hujja ce a kan masu kiran. Maharan Bamako ba tikiti suka saya ba, ba su kuma bi layin matafiya ba. Sun afka wa makarantar jandarmomi ta Faladie da ɓangaren soja na filin jirgin, suka yi sa'o'i a ciki, suka cinna wa jirgin shugaban ƙasa wuta, har wani jirgin da ake jigilar agajin Majalisar Ɗinkin Duniya da shi ya lalace. Na Yamai ma sansanin soja suka nufa da dare, jiragen fasinja da ke ajiye a filin suka samu rabonsu na harsashi. Ta shinge aka shigo, kuma barikin da ke jikin filin aka nufa. Amsa irin wannan hari da tsananta laluben tsohuwa mai zuwa Umra shi ne ainihin barin jaki ana dukan taiki.

Gaskiyar da ba a son faɗi ita ce, ajiye jiragen yaƙi da rumbun makamai a jikin tashar matafiya yana jawo wa tashar wutar da ba da ita ake ba. Gado ne daga zamanin mulkin mallaka da shekarun talauci, lokacin da titin jirgi ɗaya ne a gari, soja da farar hula suna raba shi. Maganinsa na dogon lokaci shi ne a raba su, kafin nan kuma a ƙarfafa shingen da ke tsakaninsu. Ƙara cusa soja cikin tashar matafiya tafiya ce ta baya, domin yana shafe ɗan bambancin da ya rage tsakanin bariki da tasha a idon mahari.

Agadas ta san wannan labari. Amurka ta kashe dalarta kimanin miliyan 110 wajen gina sansani na 201 kusa da filin jirgin Mano Dayak, jiragenta marasa matuƙi suka fara tashi daga can a 2019, sojojinta suka tattara suka tafi a Agusta 2024. A tsawon shekarun nan Agadas tana cikin garuruwan da aka fi sa wa ido daga sama a duk faɗin Sahara. Duk da haka jiragen masu yawon buɗe ido da ke sauka kai tsaye daga Faransa kafin 2007 ba su dawo ba, ko da yake UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya tun 2013. Maƙeran azurfa da dukawa da masu jagorar baƙi zuwa Timiya da Iferwan ba su ga amfanin titin da aka shimfiɗa wa yaƙi ba. Mutane su ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba, haka nan matafiya su ne filin jirgi.

Hannu da yawa, mai amsa tambaya babu

Akwai wata illa da kowane matafiyi ya sani, ko da ba ya faɗi da ƙarfi. Duk teburin da aka ƙara a hanyar matafiyi, an ƙara wurin da za a iya tsayar da shi, kuma duk wurin tsayarwa yana iya zama wurin miƙa hannu. Direbobin da ke bin hanyar yuraniyom daga Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit ba su buƙatar a yi musu bayanin yadda shingen bincike ke rikiɗewa ya zama wurin karɓar na goro. Maƙwabciya Najeriya ta kai matsayin da a Mayu 2017 mukaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a kan umarni na musamman da ya nemi hukumomin da ke filayen jirgi su haɗe teburansu su daina tare matafiyi kowace da nata, saboda yawansu ya zama abin kunya da cikas ga ciniki.

A farkon 2024 rahotanni suka bazu cewa an kama zinari kimanin kilo 1,400 a filin jirgin Adis Ababa, wanda ya fita ta filin jirgin Yamai. Wannan ba ƙulli ba ne da za a ɓoye a aljihu, kaya ne da ya fi tan ɗaya nauyi. Filin da ya bi ta cikinsa ba ya fama da ƙarancin masu kaki, akwai ƴan sanda, akwai duwan, akwai jandarmomi. Da ɗan gari akan ci gari. Ƙofar da zinari ya fita ta cikinta ba a duba ba, ita ce ƙofar da nakiya za ta iya shigowa, kuma ƙara runduna ta huɗu ko ta biyar ba zai rufe ta ba, sai dai ya ƙara yawan waɗanda za su ce ba a hannunsu abin ya wuce ba.

Nan ne batun bin kadi ya shigo. Ma'aikacin farar hula mai tantance kaya yana da lamba a ƙirjinsa, yana da takardar shaidar da za a iya janyewa, yana da hukumar da ke jarraba shi. In ya ci zarafin matafiyi akwai ofishin da za a kai ƙara. Mai bindiga kuwa yana amsa wa kwamandansa ne kawai, kuma matafiyin da ya ga an wulaƙanta shi ya san cewa gardama da shi tana iya kai shi inda jirginsa zai tashi ya bar shi. Tsoro yana sa mutane shiru, kuma shirun mutane babbar asara ce ga tsaro, domin mai shara da ya ga wata jaka a inda bai kamata ba, in yana tsoron a fara da shi, zai kau da kai ya wuce.

Amsa ga masu ja

Masu ja za su kawo misalin Amurka, su ce ai bayan harin 11 ga Satumba 2001 gwamnatin tarayya ce ta karɓe binciken matafiya daga hannun kamfanoni, ta kafa hukumar TSA a Nuwamba na shekarar. Haka ne, amma su ƙarasa labarin. Ma'aikatan TSA da ke tsaye a bakin na'ura farar hula ne, ba su riƙe bindiga, ba su da ikon kama mutum, in abu ya taso ƴan sanda suke kira. Abin da Amurka ta yi shi ne ta mayar da bincike sana'ar gwamnati mai horo ɗaya. Ba ta miƙa shi ga soja ba. Ko da hakan ma, a 2015 labari ya fito cewa masu binciken asiri na gwamnatin sun yi nasarar wucewa da makaman gwaji sau 67 cikin 70. Abin koyi a nan shi ne an yi jarrabawar, sakamakon ya fito fili, an kuma sauya shugaban hukumar. Wace runduna ce za ta yarda farar hula ya jarraba ta haka, ya kuma buga sakamakon?

Su kuma tuna da ranar 25 ga Disamba 2009, lokacin da Umar Faruk Abdulmutallab ya taso daga Legas ya bi ta Amsterdam da nakiya a jikinsa, ya kusa tarwatsa jirgi a sararin Detroit. Mahaifinsa ya riga ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya yi gargaɗi makonni kafin haka. Labarin ya shiga hannun hukumomi da dama, bai isa ga wanda zai hana shi hawa jirgi ba, daga ƙarshe matafiya ne suka danne shi. Wannan shi ne labarin wasiƙar kantoman Arlit a wata riga.

Wasu za su ce ƙasa tana cikin yaƙi, kuma lokacin yaƙi ba lokacin bin ƙa'idar farar hula ba ne. Amsa ita ce yaƙin ne ma ya sa bai kamata a yi almubazzaranci da soja ba. In akwai ƙarin dakaru da za a ba filayen jirgi, wurinsu shi ne shinge da unguwannin da ke kewaye da titin jirgi da hanyoyin da mahari zai bi da dare, inda aka ga rauni a Bamako da Yamai. A can horonsu yake da amfani.

Wasu kuma za su ce tun da sojojin Faransa sun fita a Disamba 2023, na Amurka a 2024, kuma gwamnati ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa a Yuni 2025, to alamar ƴancin kai ita ce a ga askarawan ƙasa a ko'ina. Ƴancin kai ya fi hoto nauyi. Ƙasar da ta mallaki filin jirginta ita ce wadda ƴaƴanta suka iya gyara na'urar haska kaya in ta lalace, suka iya horar da na bayansu, suka iya tsallake binciken OACI, domin kamfanonin jiragen waje suna la'akari da wannan sakamako kafin su yarda su sauka. Yamai ce ke da makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA tun 1963, inda ƙasashen Afirka da dama ke turo ƴaƴansu koyon jagorancin jirage da ilimin yanayi. Ƙasar da ke horar da na wasu ba ta da uzurin rasa nata ƙwararrun.

Ma'aikatan ma suna nan zaune a Akokan. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK bayan ya fitar da yuraniyom kimanin tan 75,000, ma'aikata kimanin 600 da wasu ɗaruruwan ƴan kwangila suka rasa aiki, aka bar wa garin tulin dusar ma'adini ta miliyoyin tan. Waɗannan mutane sun yi shekaru suna aiki a ramin da ya kai zurfin mita 250, inda katin shiga da ƙidayar masu sauka da masu fitowa da awon tururin yuraniyom suke tsakanin mutum da ajalinsa. Sun san ma'anar bin ƙa'ida ko da babu mai kallo. Da su da ƴaƴansu da suka yi karatu suke zaman jira, ƙasa tana da waɗanda za ta horar su riƙe binciken filayen Agadas da Arlit da Dirku, su zauna a kujerar shekara da shekaru, su san fuskar kowane mai ɗora kaya.

Abin da ya kamata a nema

Malamai da ƙungiyoyin raya al'adu suna da ruwa da tsaki a wannan magana, domin filin jirgi shi ne zauren ƙasa, kuma yadda ake karɓar mutum a zaure shi ke nuna tarbiyyar gida. Dattijon Abzin da aka ce ya kware amawalinsa a gaban jama'a, ko matar da namiji ya laluba don babu mace a bakin aiki, ko maniyyacin da aka daka wa tsawa da Faransancin da ba ya ji, kowannensu an ci mutuncinsa ba tare da an ƙara wa jirgin aminci ko na ƙwayar zarra ba. Ana iya duba fuskar mai rawani a keɓe, ana iya ɗaukar mata aikin bincike, ana iya yi wa mutum bayani da harshensa. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaukaka Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, saboda haka babu dalilin da zai sa allunan filin jirgi da sanarwarsa su kasa magana da Hausa, a Agadas kuma da Tamajak.

Abin nema a wurin hukuma a bayyane yake. A bar wa soja da jandarma shinge da harabar waje, a ba su kayan aikin da za su riƙe su da dare. A bar binciken matafiya da kaya a hannun horarrun farar hula ƙarƙashin ANAC, kuma kowa ya bi ta na'ura, mai kaki da mai babbar riga da mai katin alfarma. A naɗa mutum guda a kowane fili wanda duk rundunoni ke amsa masa a kan tsaron wurin, wanda kuma za a tambaya in abu ya faru. A riƙa jarraba masu bincike a asirce, a kuma buɗe ofishin ƙara da matafiyi zai iya shiga ba tare da fargaba ba. A fara shirin raba sansanonin soja da tashoshin matafiya, ko da zai ɗauki shekaru.

Malamin da ke koyar da tarbiyyar ɗan ƙasa a Akokan ko a Agadas yana da misalan da babu littafin da ya kai su: akwatin 1989, da wasiƙar 2010, da kakin 2013, da gawarwaki 92 na hanyar Aljeriya. Ɗalibin da ya fahimce su, in ya girma aka ce masa an ƙara dakaru a filin jirgi, zai tambaya a wace ƙofa aka ajiye su, wa ya horar da su a kan aikin, kuma wa zai amsa in jaka ta wuce.